Kujera Ɗaya, Mota Guda

A shagon kayan ɗakin, Anti Kwamfuta kowa ke ce mata, har mai shagon da ya girme ta. Ɗakinta na can ƙurya, ba taga, sai fanka mai tari. Ita ta gina shafin intanet da ake sayen kaya ta cikinsa. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun yi nisa. Aikin nan kaɗai ke fitar da ita cikin mutane, ko gaisuwar safe ta samu.

Rannan mai shago ya turo mata saƙo ta waya, alhali bango ne kawai tsakaninsu. Wai maɓallin "Saya" ya yi muni, a ɓoye shi, mutum ya taɓa hoton kujera kawai oda ta tafi.

Ba wuya. Ta rubuta umarni: duk wanda ya danna hoton, hoton ya danna maɓallin a madadinsa. Sai dai ta ɓoye maɓallin a cikin akwatin da hoton yake ciki a shafin, duk abin da aka danna a ciki kamar hoton aka danna. Hoto ya danna maɓalli, dannawar ta hauro ta taɓa hoto, hoto ya sake dannawa, abu ya ƙi tsayawa. Da a ce akwai mai duba mata aiki, da ya gani. To wa? Duk shagon ba wanda ya taɓa tambayarta me take yi.

Wata mata ta sayi kujera ɗaya. Oda ta yi ta zubowa har aka cika mota.

Sai ga mai shago a ƙofarta, direba na bayansa.

"Anti, gidan mace ɗaya za mu kai kujerun duniya? Makaranta za ta buɗe?"

"Ni dai na loda," in ji direba. "Bayana shaida ne."

"Yallaɓai, kuskurena ne. A ba ni minti kaɗan."

Ta fitar da maɓallin daga akwatin, magana ta ƙare. Mai shago kuwa ɗakin yake ƙare wa kallo.

"Ashe wurin nan da faɗi. Katifu za mu zuba. Aikin naki ai ko daga gida ya yiwu, albashinki na nan."

Wai sauƙi ya yi mata! Har godiya ya tsaya jira, ta kuma yi.

Washegari ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta rataya jaka. Sai da ta kama ƙofa ta tuna yanzu daga gida take aiki. Ta dawo falo ta zauna, takalmi a ƙafa, ta kunna kwamfuta.