Ranar Da Aka Ce In Kori Kaina

Wautata ba ɓoyayya ba ce, amma babbar wautar da na tafka ita ce na taɓa zama shugaban ƙungiyar iyayen yara a makarantar da ba ni da ko ɗa guda a cikinta. Ni da bokona ya tsaya a aji biyu, shi ma sau biyu na yi shi, kafin malaminmu na ƙauye ya roƙi mahaifina ya bar ni da fartanya don kowa ya huta.

Makarantar tana nan Nassarawa GRA. Yau bene ce, motocinta na kwaso yara daga Tudun Wada da Kawaji har Kaura Goje, da la'asar su mayar da su gidajensu. Amma ni na san ta tun tana gareji. Mai ita, wadda kowa ke kira Madam, malama ce daga wajen Zariya. Ta bar koyarwa a makarantar gwamnati, ta sa aka turo tsohuwar motar mijinta waje, ta shafa wa bangon garejin baƙin fenti, ta ce ga allo. Ɗalibai huɗu: biyu nata, ɗaya na kuku, ɗaya na maƙwabta da suka kawo shi don su huta da kukansa. Ni kuwa mai lambun gidan ne, ban ruwan fulawa da yankan ciyawa.

Iyaye sukan zo su leƙa, su shaƙi warin baƙin mai, su ce za su dawo. Ba sa dawowa.

Wata safiya Madam ta aike ni in karɓo babbar rigar mijinta daga wajen mai guga. Shadda ce, ta sha aiki, har da hula. Na shiga ɗakin maigadi na ce bari in gwada, in ji yadda manya ke ji. Na fito bakin get ina taku ɗai-ɗai, sai ga mota ta tsaya. Wani Alhaji, ɗan kasuwa, ya sauke gilashi.

"Ranka ya daɗe, kai ma yara ka kawo?"

Tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa ce min ranka ya daɗe. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai mu tun ranar farko muke nan."

"Yaya karatun nasu?"

"Alhaji, yaron da ya yi wata uku a garejin nan, sai ka nemi tafinta kafin ka yi hira da shi."

Washegari ya kawo 'ya'ya uku, ya gaya wa Madam wani dattijon arziki ne ya ba shi shawara, har ya kwatanta mata rigar. Yana tafiya ta kira ni.

"Kai ba ka tsoron Allah? Rigar Oga!"

Ta wanke ni tas. Sannan ta dubi bencin da ya cika, ta ce, "Gobe ƙarfe bakwai. Kar ka zuba wa rigar miya."

Haka muka yi ta yi. Da safe in tsaya bakin get cikin shadda ina yabon makaranta, hantsi na yi in tuɓe in sa yagaggiyar singileti da malafa in ja tiyo. A nan na gane ba mai kallon fuskar mai lambu. Wanda ya ba ni hannu biyu da safe, shi ne da rana zai ce, "Kai, matsar da tiyon nan." Yara duk sun sani. Wani ya gaya wa ubansa, uban ya ce in ya ƙara raina babban mutum sai ya zane shi.

Makaranta ta fita daga gareji ta ci falo, ta ci ɗakin baƙi, har Madam da Oga suka takure a ɗaki ɗaya. Madam ta ce wasan ya isa, in mayar da riga. Na ce to. Amma na ji za a yi taron iyaye na farko, kuma za a raba lemo da cincin, sai na ce bari in yi wa rigar bankwana. Ina tsakiyar tauna Alhajin nan ya miƙe ya ce ba wanda ya cancanci shugabanci kamar wanda ya fi kowa daɗewa. Aka tafa. Madam ta yi tari, ta sake yin tari har hawaye. Na ce na karɓa, Allah ya taya mu riƙo.

Ba yabon kai ba, na yi aiki. Na sa an yi wa direbobi rumfa, an ajiye musu randa. Na kuma matsa sai da aka sayi sabon tiyo da almakashin aske fulawa, na ce mai lambun nan bawan Allah ne, ba ya iya roƙo. In an tambaye ni ajin da yarana suke, sai in dafe kai in ce, "Kar ka tuna min, kansu irin nawa ne," in sauya zance.

Sai dai shugabanci cin lokaci gare shi. Yau suna, gobe ta'aziyya, jibi dubiya, ko'ina sai an ga shugaba. Ciyawa ta kai gwiwa. Wata rana na bar tiyo a buɗe na tafi ɗaurin aure, wata Hajiya mai kantin magani ta zo ɗaukar 'yarta, taɓo ya riƙe mata takalmi ɗaya, ta koma mota da ɗaya.

A taro na gaba ta miƙe. "Shugaba, mai lambun nan malalaci ne. Ni ban taɓa ganinsa da safe ba."

Wani ya ce barci yake yi a gindin mangwaro. Wani ya ce daga ganinsa yana shaye-shaye. Ina zaune a kan kujera mai hannu ana zagina, ina gyaɗa kai. Na ce a tausaya masa, yana da iyali. Aka ce to shugaba da kansa ya je ya ja masa kunne. Bayan kwana biyu na tare Hajiya a get, na ce, "Na same shi, na yi masa kaca-kaca, har sai da ya yi kuka."

Amma ciyawa ba ta ji faɗan ba. Aka sa ranar wani taron, magana ɗaya tak: korar mai lambu. Ana gobe Madam ta ce min, "Ka sani, in suka ce a kore shi, korarsa zan yi. In kuma ka tona, sunan makarantata ne zai shiga bakin duniya. Ka ji daɗin rigar?"

Na zauna na auna. Mai lambu shi ke kai wa iyalina dawa a ƙauye. Shugaba, ban da lemo, bai taɓa samun komai ba.

Ranar taro aka aika direba ya kira mai lambu ya kare kansa. Ya zaga ya dawo ya ce ba a gan shi ba. Hajiya ta ce, "Kun gani ko?" Aka ce masu son a kore shi su ɗaga hannu. Ɗaki ya cika da hannuwa. Alhaji ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, saura naka."

Na miƙe, na ajiye hula a kan tebur, na kama rigar zan cire. Wuyanta ya maƙale min a haɓa. Na yi ta kokawa a ciki kamar akuya a buhu, sai da Oga da kansa ya taso ya ja ta, don tsoron kar in yaga masa. Na fito daga ni sai singileti mai taɓo.

Alhaji ya ƙura min ido.

"Kai ne nake ce wa matsar da tiyo?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Madam ta miƙe ta ce da saninta aka yi, duk mai son cire yaransa ba za ta ga laifinsa ba. Wani ma'aikacin banki ya tashi ya fita, kuma bai sake kawo nasa ba. Sauran suka zuba wa Alhaji ido. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ƙarya dai ya shirga min. Amma ƙaramar 'yata jiya ita ta karanta min takardar asibiti." Sai dariya ta ƙwace masa, har hularsa ta faɗi.

Aka tsige shugaba nan take, ba wanda ya tausaya masa. Mai lambu kuwa aka ba shi zuwa Asabar ya yanke ciyawa.

Ina cikin yankan, ranar Juma'a da hantsi, motar Hajiya ta tsaya kusa da ni. Ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta ce, "Malam, abu ɗaya ya tsaya min a rai. Ranar da ka ce ka yi masa faɗa har ya yi kuka, da gaske ya yi?"