Kwano na Biyar

Ka san dalilin kowace al'ada da ka taras a gidanku? Maritza Kasimatis, mai gidan burodi a birnin Antofagasta, ba ta sani ba. Duk watan Maris sukan dafa alkama da sukari da rumman, a zuba kwano biyar, a raba wa maƙwabta. Kakanta Don Manolis ne ya zo da abin daga Girka, har ya rasu bai faɗi dalili ba.

"Kwaɗayi ne kawai, uwar ƙirge-ƙirge," in ji Goggo Ofelia, ƙanwar babanta. "Ki ci, ki bar tone-tone."

Maritza ba ta bari ba. Wasiƙa talatin da ɗaya ta rubuta zuwa Girka cikin shekara huɗu, amsa biyu ta samu. Ta biyun daga wani limamin coci ce a tsibirin Kitira, mahaifar kakan nata. Ya ce a can matattu ake dafa wa irin wannan alkama. Ya haɗo da sunaye: matar Manolis ta fari da 'ya'yansu uku. Zazzaɓi ya kwashe su a Maris ɗaya, shi yana Antofagasta yana nema musu wurin zama.

Ta ƙirga har sau uku. Mutum huɗu ne.

"Goggo, na biyar ɗin fa?"

Tsohuwar ta ce, "Baba ba ya bayar da na biyar. Gabansa yake ajiyewa, kuma ban taɓa ganin ya ci ba."

In akwai tsoho a gidanku, zauna da shi yau ka tambaye shi, tun yana iya amsawa.