Mai Tarar Waƙa a Kasuwar Kankia

Tun da aka fizge wa Salman waya, ko tari aka yi sai ya dafe aljihu. Yau ya zo kasuwar Kankia taya wata wayar, sai ga wani dattijo a rumfar Ɗalha mai sayar da waya da tura waƙa.

Dogo ne, ƙaiƙayin gero na manne a gemunsa, da gani mai awon hatsi ne. Wayarsa tana kusa da ta Ɗalha, dattijon kuma ya tara hannu biyu a ƙasansu kamar mai tarar tsaba. Gobe yana da gayya, makaɗin garinsu ya koma acaɓa, matasa kuwa sun ce ba kiɗa ba noma.

"Ɗalha, a cika, a yi mini gyara," in ji dattijon.

Salman ya miƙa hannu ta tsakanin wayoyin zai ɗauki wata. Dattijon ya rafka salati.

"Ɗan nan, ka ratsa ta cikin waƙa! In ta zube, kai za ka yi musu kiɗan?"

Salman, mai digirin kwamfuta, ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ji kansa yana cewa, "A yi haƙuri, Baba."

Dattijon ya juya. "Ɗalha, sake awo daga farko."