Muryoyin da Madam Esnati Ta Goge

Madam Esnati Chirambo ta yi furfura da alli a hannu a wata sakandaren kwana ta 'yan mata da ke bayan garin Rumphi. Ba miji, ba ɗa, sai digiri na biyu kan halayyar yara da wani buri da ya hana ta sakat: ta yi digirin digirgir kan faɗuwar da ɗalibanta ke yi.

Duk shekara da jarrabawa ta ƙarato, sai ɗaya ta kurma ihu ta zube, kafin a ɗaga ta wasu sun bi. Shugaban makarantar, Mista Gondwe, maganinsa ɗaya ne, a kira fasto. Ita kuwa ta lura masu faɗuwar su ne waɗanda aka sayar da saniya ko gona don karatunsu. Tsoro ne ke kayar da su, kuma ta yi imani malami zai iya maganinsa.

Wani farfesa a jami'ar da ke garin Zomba ya ce zai karɓe ta, amma ta fara kawo masa muryoyin yaran ya ji. Ta riƙa kiransu ɗaya-ɗaya bayan sun ci tuwon masara da suke kira nsima, ta ajiye waya a tsakani tana naɗar muryarsu, su faɗi mafarkansu. Suka faɗa har da kuka. A zangon nan faɗuwar ta ragu.

Da aka yi hutu, yaran suka kai labari gida. Ranar dawowa iyaye suka cika ofis. Kakar wata ɗaliba ta nuna ta da sanda.

"Madam, muryar jikata da kika kulle a waya, wa za ki kai wa?"

"Mama, wallahi karatu ne kawai."

"Karatu! Mace ba haihuwa, tana tara mafarkin 'ya'yan mutane? Ashe ke ce ke kayar da su!"

Gondwe ya raɗa mata, "Madam, digirin ko aikin? Goge abin nan mu samu lafiya."

Ta goge a gabansu. Duk da haka aka kafa mata sharaɗi: kada ta sake keɓewa da ɗaliba, kada ta taɓa kowa. Baƙin ciki ya cika ta, ba ta ƙara neman farfesan ba.

Jarrabawa ta zagayo. Jikar tsohuwar nan ce ta fara zubewa, daidai ƙafafunta, tana kiran "Madam! Madam!" Esnati ta mayar da hannayenta baya, ta ce a je a kira fasto.