Rigar Ruwan Yaya

Mu mutanen cikin birnin Katsina ba mutanen ruwa ba ne. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na famfo in ya ga damar zuwa, sai kududdufin bayan unguwa wanda yaro ke shan duka in an ga ƙafarsa a ciki. Yayana, ɗan fari a ɗakinmu, ya girma har ya tara iyali bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Shi kuma aka ɗora wa aikin shiga jirgin ruwa da kwamfuta, 'yan shekaru bayan soja sun koma bariki.

Lokacin ina koyarwa a firamare. Aurena ya mutu, na dawo gidanmu a Ƙofar Kwaya, ina ɗaki ɗaya da Inna, Yaya da iyalinsa suna sashen gaba. Shi ma'aikaci ne a wani ofishi mai kula da madatsun ruwa. Duk zamanin soja a kan tebur ɗaya ya yi shi, ba ƙarin girma, ba mai tambayarsa abin da ya gani. Ya je da safe, ya dawo da la'asar, ya jingine babur ɗinsa a zaure, shi ke nan. Da farar hula suka hau aka taso da maganar ƙarancin ruwa a gari. Aka ce laka da yashi sun cinye dam ɗin da muke sha, sai an auna an san zurfin da ya rage. Aka kawo kayan aiki, aka duba aka ga Yaya ne mai haƙurin koyo, aka tura shi kwas.

Da ya dawo, har tafiyarsa ta sake. Mutumin da sai ka yi da gaske kake jin muryarsa, ga shi yana zaunar da mu a tsakar gida yana bayani. Akwai wata na'ura da ake ɗaurewa a gefen jirgi, tana aika sauti ƙarƙashin ruwa, kwamfutar kuma tana rubuta zurfin duk inda aka bi. Kwamfutar ƙarama ce, mai rufewa kamar faifai biyu. Da hannu biyu yake ɗaukarta, kuma ba ya taɓa ta sai ya goge hannunsa a jikin riga. Na yi ta tsokanarsa cewa ya yi amarya bai gayyace mu ba.

Shugabansa ya ba shi izini ya kawo ta gida, don a unguwarmu akwai kafintan da ya yarda da aikinsa, kuma dole a yi mata akwatin da za ta zauna a cikin jirgi. Abu uku yake tsoro, ya sha nanata mana su: ruwa, da zafi, da girgizar inji. Jirgin na wani masunci ne da aka ɗauka haya, buɗaɗɗe, ba rumfa, injinsa kuma in ya tashi har haƙoran mutum sai sun kaɗa.

A zaurenmu aka yi aikin. Kafinta ya haɗa akwati da katako mai kauri, ya shafe duk mahaɗa da kwalta. Bakin murfin aka bi shi da robar cikin taya, yadda in an rufe an danna kwaɗo ko iska ba ta shiga. Sai Yaya ya kunna kwamfutar a ciki ya rufe, da ya buɗe ya tarar ta yi zafi kamar an sauke ta daga murhu. Ya kwana biyu ba walwala. Daga baya ya samo lanƙwasasshen bututun famfo, aka huda gefen akwatin aka sa shi bakinsa na kallon ƙasa, iska ta shiga, ruwan sama bai shiga ba. Batirin mota aka yi masa nasa gurbi daban, aka ja waya ta cikin tiyo aka liƙe bakin.

Inna ma ta sa hannu, ko da yake ba za ta yarda ta ce ta sa ba. Ita irin matan da ne. Ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Wata rana ta ji yana cewa raɓar ruwa kaɗai tana iya lalata na'urar, sai ta ɗinka ƙaramin jaka da ƙyallen atamfa, ta cika da ɗanyar shinkafa, ta miƙo mini.

"Ki ba wancan, shi sa cikin akwatin. Shinkahwa na shanye laima."

Yana tsaye taku kaɗan tsakaninsa da ita, amma ta hannuna saƙon ya bi. Ya karɓa yana murmushi, ya ce in ce mata ya gode.

Saura girgiza. Da farko ya yanko soson tsohuwar katifa ya shimfiɗa. Sai ya gwada ya zuba wa guntun soson ruwa, ya ga ya tsotse ya riƙe. Ya ce wannan in laima ta shiga ai gadon ruwa ya yi wa kwamfutar. Ya gwada tsumma, ya gwada auduga, duk ba su yi masa ba.

A cikin kayan da aka kawo akwai riga guda ɗaya mai ruwan goro, marar hannu, mai maɗauri a gaba, wadda aka ce tana hana mutum nutsewa. Ranar da ya fara zuwa da ita ya sa ta a kan kaftaninsa a tsakar gida, 'ya'yansa suka yi ta dariya har da faɗuwa, matarsa ta rufe baki da mayafi. Ya cire ya rataye a ƙusa a zaure. Ranar da ya rasa abin shimfiɗa, idonsa ya kai kan ƙusar nan. Ya sauko da rigar, ya matsa ta, ya zuba mata ruwa a buta, ruwan ya gangare bai shiga ba. Ya ninke ta cikin akwatin, ya kwantar da kwamfutar a tsakiya, ya jawo maɗauran ya ɗaure. Ta zauna daram kamar don ita aka ɗinka.

Ina tsaye a bakin zaure. Raina ya ɓaci, ban kuma ɓoye ba.

"Yaya, mi kake yi haka? Wannan ai taka ce."

"Malama," haka yake kirana in zai zolaye ni, "ni in na jiƙe sai in tsaya ga rana in bushe. Ita hwa?"

"Ba jiƙewa nike magana ba. Ka iya ruwa ne?"

"Ai ba cikin ruwan zan shiga ba, cikin jirgi zan zauna. Masuncin ma ba ya sa komi. Amana aka ba ni, kuma yau ne aka hwara ba ni ita. In wani abu ya same ta, da wane ido zan kalli mutane?"

Na ce ya nemi a ƙaro wata rigar. Ya ce ya faɗa, an ce za a duba. Na kai ƙara wurin Inna, ta ci gaba da tsince wakenta, ta ce wancan ba yaro ba ne. Amma na ga hannunta ya tsaya cikin faifan na ɗan lokaci. Kafinta da abokan Yaya kuwa yaba dabarar suka yi. Ba mugunta ba ce. A cikinsu ba wanda ya taɓa ganin yadda ruwa ke cin mutum, kuma duk sun san yadda ake wulaƙanta ma'aikacin da kayan gwamnati suka lalace a hannunsa.

Aka kai akwatin dam, aka ɗaure shi a bencin jirgi da ƙusoshi. Kwaɗon makulli biyu gare shi. Ɗaya yana aljihunsa, ɗayan ya ba ni ajiya, wai ni ce mai tsiwar da ba wanda zai iya karɓa a hannuna. Aiki ya yi ta tafiya lafiya. Kullum ya dawo fuskarsa ta ƙone da rana, yana ba mu labarin inda ruwa ke da zurfi da inda laka ta taso. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba, kuma wannan ne ya sa na daina maganar rigar.

Farkon damina ne, ranar wata Laraba da yamma. Abin da ya faru daga bakin masuncin muka ji, da ya zo gaisuwa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Suna tsakiyar ruwa hadari ya taso da iska. Ya ce wa Yaya ya zauna ya riƙe gefen jirgi. Yaya ya ce bari ya rufe akwatin tukuna. Ya miƙe, ya kashe kwamfutar, ya ɗaure maɗauran, ya rufe murfi, ya danna kwaɗo. Yana ɗagowa igiyar ruwa ta bugi jirgin, ta jefa shi cikin dam. Kafin masuncin ya juyo da inji ya faɗa ruwan nemansa, ba ya ganin komai sai hula. Washegari aka same shi.

Bayan an share makoki, abokan aikinsa suka zo da akwatin a bayan motar ofis. Suna iya fasa kwaɗon, amma suka ce ba su iya ɗaga guduma a kan aikin hannunsa ba. Na ɗauko makullin. A zauren da aka haɗa shi, a nan aka buɗe shi. Ko ɗigon ruwa babu a ciki. Jakar shinkafar Inna tana kusurwa, a bushe. Wani ya kwance maɗauran, ya danna, kwamfutar ta kawo haske, duk aikin da ya yi yana nan. Shugabansu ya share ido ya ce marigayi ya riƙe amana. Gaskiya ya faɗa, amma a lokacin ji na yi kamar in ɗauki na'urar in maka ta da bango. Har yau ba na son jin ana yabon mutum da wannan kalmar.

Suka tafi da kwamfutar da akwatin. Rigar kuwa, ko mantuwa ce ko kunya, suka bar ta a kan tabarma.

Na shigo da ita cikin gida ban san inda zan sa ta ba. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da carbi. Tun ranar da aka kawo labari ba wanda ya ga hawayenta, mata suna ta yaba dauriyarta. Ta miƙo hannu, na ba ta. Ta warware ninkin, ta shimfiɗa rigar a cinyarta, ta auna faɗin kafaɗar da tafin hannu, a hankali, yadda take auna yadi in za ta ba da ɗinkin sallah. Sai ta kira sunansa, sunan da ita ta ji an raɗa masa, wanda tunda nake ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Ashe daidai kai ce," ta ce.