Sitacin Alkama

Girki ne ya kawo ni New York, a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci, tun zamanin soja, shekarun tamanin suna ƙarewa. Da wa'adinsu ya cika suka tattara suka koma gida, ni kuwa na zauna. Na kama ɗaki a Bronx, na sami aikin kula da wani tsoho Bayahude a Brooklyn, wanda ƙafafunsa suka mutu amma bakinsa na nan da rai. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma babu gidan da na taɓa yi wa aiki aka ce wani abu ya ɓata.

Shekarar farko da na ga shirin idinsu na bazara, wanda suke kira Fesak, na ɗauka tashi za su yi daga gidan. A kwanakin idin ba sa cin burodi, ba sa cin taliya, ba sa barin ko ɓurɓushin abin da aka yi da alkamar da ta sha ruwa ta kwana. Wata busasshiyar gurasa suke ci mai kama da kwali. Ni nake zazzage aljihun kwat ɗin tsoho, in leƙa ƙarƙashin kujeru, in kaɗa littattafansa, yana daga keken guragu yana nuna mini lungu da sanda. Tukwane ma na idin daban ne. Ban taɓa jin haushi ba. Mutumin da ya san haramunsa ya kuma tsare shi, ina ganin girmansa ko ba addininmu ɗaya ba.

'Yarsa tana da ɗan shago na kayan idi da tsaraba: mazaunin kyandir, ƙananan huluna, kofuna, kwanduna, da mayafan rufe gurasar nan. Duk aikin hannun mata ne daga ƙasashe masu nisa, kowane kaya da hoton wadda ta yi shi a rataye. Ta ce mini sunan abin cinikin adalci, babu dillalin da zai ci gumin mai aiki. Wata rana ta ga rigar matashin da nake jingina da shi a ɗakin babanta, ta ɗauka tana juyawa, ta tambaye ni wa ya yi wannan surfani.

Ƙanwata ce ta yi, uwa ɗaya uba ɗaya, a garinmu kudu da Kano. Mijinta ya rasu, da allura take ci da yara. Idan ta ɗinka hula, sai ka juya cikinta ka rasa inda ta ƙulle zare. To amma idonta ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, in ba a yi mata aiki da wuri ba, ganin zai tafi kuma ba ya dawowa. Abin da nake samu kuwa, haya ta ci rabi, tukunyar gida biyu ta ci saura.

Mai shago ta ce a yi mata mayafan gurasa, kowanne da aljihu uku, a tsakiya a ɗinka rubutunsu. Ta ba da kafin alƙalami na yadi da zare, saura sai an sayar, in sun karɓu kuma aiki ne na kowace shekara. Na aika wa ƙanwata da takardar zanen, na haɗa da kaset, don da kaset muke gaisawa. Na ce mata, ga kuɗin idonki Allah ya kawo. Rubutun Yahudawa a wurinta zane ne kamar kowane zane, ta kwaikwaye shi tsaf. Tun daga kaka take kai har sanyi ya wuce, a tsakar gida, inda rana ta fi ƙarfi.

Wata 'yar kasuwa ce ta taho da kayan. Ɗan ƙawata mai tuƙa tasi ya karɓo su a filin jirgin JFK ya kawo mini. Da na kwance ƙullin sai da na zauna. Farin yadi, zare shuɗi da ja, kowane mayafi a miƙe, a goge, yana ƙyalli, in ka lanƙwasa shi yana ƙara. A wurinmu ba a fitar da aiki laɓo-laɓo, sai an sa masa sitaci an buge shi. A kaset ɗin da ya biyo kayan ƙanwata ta ce, ai ba ta yarda ta sa wa kayan idin mutane sitacin rogo ba. Alkama ta saya, duk tsadarta a shekarar, ta jiƙa ta, ta niƙa, ta tace.

Na kai su gidan tsoho ana saura 'yan makonni idi. 'Yarsa ta shimfiɗa su a tebur tana ta shafawa, har idonta ya kawo ruwa. Ta riga ta buga hoton ƙanwata a kan 'yan katuna. Tsoho ya ce a miƙo masa ɗaya. Ya karanta rubutun ya gyaɗa kai. Sai ya murza gefen da yatsa, ya kai hanci, ya tambaya da me aka sandarar da shi.

Na ce alkama. Har da ɗaga kai na faɗa, ina jira a yaba. Ni da na share shekaru ina farautar ɓurɓushin biskit a gidan nan, ko sau ɗaya zuciyata ba ta haɗa sitaci da abinci ba. Sitaci ai kayan wanki ne.

Tsoho ya ajiye mayafin a hankali, ya goge yatsunsa a bargo. 'Yar ta jawo ni kicin ta rufe ƙofa. Ta yi mini bayani: jiƙaƙƙiyar alkama ita ce ainihin abin da suke gudu, kuma a cikin aljihun mayafan nan ake zura gurasar idin. Ta ce rogo ba shi da laifi. Sannan ta dube ni, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, ƙasarku da nisa. Ba ke kika yi ba. Kin tabbata ba rogo ba ne?"

Na gane ƙofar da take buɗe mini. Ita ba ta kai babanta tsanani ba, kuma ta san maganar ido. Kalma ɗaya ce, kayan su shiga shago, su ƙare kafin idi. Na tsaya ina kallon tukwanen da na saba wankewa. Na tuna wata rana da azumi, aka ba ni miya a wani gida aka rantse babu komai a ciki, daga baya na ji da man alade aka yi. Na daɗe ina jin bakina ba nawa ba.

"Alkama ce," na ce. "Da bakinta ta faɗa mini."

A hanyar komawa, da na ba ɗan ƙawata labari a tasinsa, ya yi ta faɗa yana dukan sitiyari. "Haba Gwaggo, wa zai lashi mayafi? Ita mai kayan ta ce ki ce rogo, ke ce limaminsu?" Na ce masa ya kalli titi.

Mai shago ta tambayo malaminsu, ya ce in an wanke tas, an cire sitacin, babu komai. Na ji sanyi a raina. Na kwaso su na kai gida, na zuba a bahon wanka, da ruwan ɗumi, da hannuna, ban yarda da inji ba. Ina cuɗa na farko na ga ruwan ya sauya. Zaren rinin kasuwa ne, ba a yi shi don wanki irin wannan ba. Na gwada ruwan sanyi, na gwada gishiri. A ruwan sanyi sitacin ya ƙi fita, a na ɗumi launi ya bi shi. Farin yadin ya koma kamar an yanka kaza a kai. Waɗanda ban jiƙa ba, mai shago ta ce ba su da wani amfani, rubutun jikinsu na Fesak ne kaɗai, ba a sayen su don wani abu.

Ba ta nemi abin da ta bayar ba, wannan kam zan shaide ta. Ta ce a sake yi baɗi, ba sitaci. Don kuɗin aikin idon na shiga adashin matan unguwarmu, amma kwasata tana can baya, kuma kowacce da tata matsalar, babu wadda ta yarda mu yi musaya. Na yi kaset na faɗa wa ƙanwata komai, har da tambayar da aka yi mini a kicin da amsar da na bayar. Ban rage ba, ban kuma nemi a yafe mini ba.

Kafin kwasata ta zo, damina ta wuce. Da aka kai ƙanwata asibiti likita ya haska, ya ce an makara.

Amsarta ta iso da sanyi, ƙanƙara ta rufe titi. Ta gaishe ni, ta ba ni labarin yara da na kaka. Ta ce yanzu babbar 'yarta ke jan ta zuwa bayan gida, allurorin kuma ta rabar. Maganar rogo ba ta taɓa ta ba, a wannan kaset ɗin da duk waɗanda suka biyo baya har ta rasu. Sai can wajen ƙarshe, har na ɗauka zaren kaset ɗin ya ƙare, ta ce:

"Yaya, wanne ne ya fara zuba, jan ko shuɗin? Na san jan ne. Tun a kasuwa ban yarda da shi ba, amma a lokacin ido ya fara yi mini gardama."

Jan ne. Mayafan suna nan a ƙasan akwatina, wankakku da waɗanda ba a wanke ba, da katunan hotonta. Waɗanda ba su sha ruwa ba har yau a miƙe suke.