Yagana da Katifar Baƙo

"A gidana! Mutum ya ɗaga mini katifa a gidana, kamar wanda ya sauka a otal ɗin tasha?"

Muryar Alhaji Ayuba ce da hantsi, ta tsallako katangar da ta raba gidansa da namu. Dakan da matarsa Yagana take yi ya tsaya.

"To ya ɗaga, Alhaji. Me ya gani?"

"Ba maganar abin da ya gani nake yi ba."

"Ni kuwa maganarsa nake yi."

Alhaji Ayuba fatoma ne a kasuwar shanun Potiskum, wato mai saukar da fatake. Ya ba su ɗaki da tuwo, su kuma su sayar da dabbobinsu ta hannunsa ranar Laraba. Wanda ya bar ɗakinka ya bar dillancinka, kuma ba ya dawowa. Sunan na Alhaji ne, amma tuwon na Yagana ne, da wankin zanin gado, tun garin yana cikin jihar Borno. Babarbariya ce doguwa, mai tsage a kumatu, wadda ƙamshin turaren wutarta kan riga ta isa wuri. Saboda haka hancinta ne ya fara sani. A daminar 1994, shekarar da kananzir ya yi wuya, ta shiga ɗakin baƙi da ke jikin zaure ta ji wani ɗoyi-ɗoyi ƙarƙashin turarenta. Ta duba zanin gado ta ga ɗigon jini. Kuɗin cizo.

Ta faɗa wa Alhaji, ya ce sauro ne. Ta sake faɗa, ya ce a watsa fiya-fiya a rufe ƙofa. Ba wai bai yarda ba ne, shi ma ya ga baƙinsa suna susa a sahun salla. Abin da yake tsoro shi ne rana. Maganin kuɗin cizo tafasasshen ruwa ne da shanya, tsakar gidan kuwa inuwar darbejiya ta cinye shi, sai dai ƙofar gida. Fatoman da ya shanya katifa a ƙofar gida ya yi wa abokan sana'arsa shela da bakinsa.

Baƙin kuwa Fulani ne. Bafulatani ko wuta ka shimfiɗa masa zai ce ya kwana lafiya. Sai dai wata Larabar ka hango shanunsa a hannun wani. Haka suka yi ta zarewa shiru, har ya rage Bubayaro, wanda tun mahaifinsa a gidan suke sauka.

Abin da Alhaji bai sani ba, Yagana ce ta sa Bubayaro ya ɗaga katifar. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, abin da kunya ta hana, wasa ya halatta. Da safe ta kai masa kunu da kanta, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Bawana, ka kwana lafiya?"

"Lafiya lau, baiwata."

"Ƙarya kake. Wuyanka kamar an yi kaciɓis da ƙaiƙayi. Ka bi shanu har Legas, ka kwana otal-otal, a can ma haka kake miƙa musu jininka?"

Ya yi dariya yana kallon ƙasa. "A can nakan duba. Ɗinkin katifa, da tsagar gado, da bayan kalanda. Jakata ma a ƙusa nake rataye ta. Amma nan gida ne."

"Ashe Bafulatani tsoron katifa yake yi. Ɗaga in gani, in ka isa."

Ya ɗaga. Kuɗin cizo suka watse kamar an zubar da riɗi. Daidai nan Alhaji ya shigo zaure.

Bayan faɗan, Alhaji ya fice yana kaɗa riga. Yagana ta ɗora babbar tukunyar bikin suna a murhu. Kafin azahar ta jawo katifar ta jingina a bangon waje, ta kwance gadon katako ta fito da shi ɓangare-ɓangare, ranar Talata, ana ta wucewa da garke. Tana kwarara ruwan zafi cikin tsagogin, tana bin su da tsinken tsintsiya. Wani dillali ya rage tafiya.

"Yaya Yagana, an yi baƙi ne?"

"An yi, ga su ina sallamarsu. Naku fa, har yanzu kuna ba su tuwo?"

Ya ƙara sauri.

Alhaji ya dawo ya tsaya daga nesa, fuska a murtuke. Sai ga Bubayaro ya fito daga zaure da jaka da sanda, yana cewa zai je gaida wani ɗan'uwa a bayan tasha. Duk wanda ke wurin ya san irin wannan gaisuwar. Yagana ta ajiye buta, ta tare ƙofar da jikinta, ta karɓe jakar daga kafaɗarsa ta rataya a tata. Ya jingina sandarsa da bango.

"Ba inda za ka," in ji ta. "Zuwa la'asar katifar ta bushe, ka zo ka duba da idonka, yau da kowace Talata. Alhaji, kai kuma kama mini kan gadon nan mu juya shi, ɗaya gefen bai sha rana ba."